Na Je Garwa In Sauke 'Yata Daga Mumbari

Tun da na dawo daga Kamaru ban yi cefane cikin kwanciyar hankali ba. In na shiga kasuwar Kafanchan, mai tumatir ta riƙe min zane, mai manja ta bar masu saye a tsaye, kowa tambayarsa ɗaya: yaya ƙasar take, kuma da gaske ne abin da aka ce na yi a cocinsu? Labarin ma ya riga ni isowa gida. An ce na fasa tulu a kan bishop, an ce na yi kuka har sai da aka ɗauke ni. Ban fasa komai ba, kuka kuwa ba a gaban mutane nake yinsa ba. Shi ya sa na zaunar da matar ɗana Iliya da biro, tunda ni ban taɓa shiga aji ba, na ce ta rubuta yadda na faɗa, ta kuma karanta min in ji ko ta ƙara nata. Wanda ya sake tambayata a miƙa masa takardar.

Dalilin tafiyar Rahila ce, autata. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba a ce mata zauna ta zauna sai an gaya mata dalili. Da ta je jami'a a Jos ta dawo min da wando da wata kalma, wai ita feminis ce. Na tambayi ma'anar, ta ce mai cewa mace ma cikakken mutum ce. Na ce to wa ya ce ba mutum ba ce? Ta ce in dubi cocinmu: mata ne cike da benci, mata ke shara, mata ke dafa abincin taro, mata ke kwana gidan makoki, amma in za a yanke magana sai a rufe ƙofa da maza 'yan kaɗan a ciki. Daga nan ta daina zuwa sujada. Shekaru na yi a kan gwiwa ina roƙon Allah ya komo min da ita gidansa. Ya kuwa komo da ita, sai dai ya wuce inda na nuna masa. Ta shiga makarantar tauhidi, ta auri wani ɗan Kamaru da suka yi karatu tare, ta bi shi Garwa. Ana nan sai ga waya: ikilisiyarsu ta can za ta ɗora mata hannu ta zama Rabaran, ranar kuma ita za ta yi wa'azi, tana so in zo.

A cocinmu mace ba ta hawa mumbari. In tana da magana, a ƙasa take tsayawa, gefen teburin baiko, inda ake ajiye kyautar da aka kawo wa coci. Haka na tarar, haka marigayi maigidana ya karanta min, ban kuma taɓa jin an tauye ni ba. Labarin bai kwana ba sai ga Dattijo Bulus, babba cikin dattawan ikilisiyarmu, a ƙofar ɗakina. Ya ce yarinyar nan a hannunsu aka yi mata baftisma, kunyarta tasu ce, in je in yi mata magana irin ta uwa. Na ce masa magana ba ta kama Rahila, amma na san abin da ke sauke mai wa'azi. Ya dubi tuluna a kusurwar ɗaki, ya gyara hula, ya ce shi dai bai ji komai ba.

Wanda ba ɗan cocinmu ba sai an yi masa bayani a nan. Ni ce Uwar Zumunta, shugabar matan coci, ni kuma nake buga babban tulu in muna waƙa. Tulun ƙasa ne, ana dukan bakinsa da matashin soso, ya ba da murya mai kauri da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Amma aikinsa ba waƙa kaɗai ba ne. In mai wa'azi ya yi nisa, ya manta akwai masu goyo da masu tukunya a wuta, sai in yi tari. In bai ji ba, in taɓa tulun sau ɗaya, a hankali. In ya yi taurin kai, in ɗaga waƙar tashi, mata su amsa, kacau-kacau su shigo, shi kuma ya ga ba abin da ya rage masa sai rufe Littafi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, babu faston da ya taɓa yarda akwai shi, amma babu wanda ya taɓa ci gaba bayan waƙar ta tashi. Shirina ke nan. Rahila na buɗe baki a kan mumbari in ɗaga waƙa, in yi ta janta har ta sauko. Gara ta yi fushi da ni da ta tsaya inda ba a ajiye mace ba.

Abokiyar tafiyata Hajiya Asabe ce, maƙwabciyata mai sayar da atamfa, wadda kakanninta suka kafa rumfa a kasuwar nan tun zuwan jirgin ƙasa. Takan je Garwa saro kaya, ta san hanya. Ita take goya Rahila tana jaririya in na tafi gonar citta, har yau 'yata take ce mata. Ban gaya mata shirina ba. Ta ga tulun ta ce madalla, a je a yi wa yarinya kiɗa.

Rigimar farko a tasha aka yi ta. Direba ya ce a ɗaure tulun a saman mota tare da buhuna. Na ce sai dai shi a ɗaure shi can. Ya ce to a sa a but ɗin motar. Na ce but ɗin da na ga an tura akuya yanzu? Ƙarshe na zuba tsarabata a cikinsa, daddawa da busasshiyar citta da garin yaji, na toshe bakin da tsumma, na rungume shi a cinya. Daga Kagoro zuwa Manchok duk ramin da muka faɗa sai tulun ya amsa. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan babur, wanda gwiwarsa ke shan duka, ya juyo da irin Hausarsu ya ce, “Mama, wannan yaro naka yana kuka da yawa, ba shi nono mana.” Na ce masa yaron ya girme shi, ya gaishe shi. Ya kuwa cire hula ya gaida tulun, mota ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba, amma na ba shi gyaɗa.

A Jos muka sake mota, cikin sanyin da ya sa Hajiya ta naɗe kamar gawa. Daga Bauchi kuma zafi ya karɓe mu, yana ƙaruwa har Gombe, har ruwan gorata ya zama na wankan jego. Duk inda aka tsaya salla ni ke tsaron jakar Hajiya da takalmanta. In ta idar sai ta karɓi tulun in miƙe ƙafa, tana mita wai mutane za su ɗauka ta fara sayar da burkutu da tsufanta.

A Yola muka kwana, gidan ƙanwar Hajiya. Mutanen kirki ne, amma al'adarsu ta ba ni mamaki. Suka kawo min fura da nono da tuwon shinkafa, suka ajiye, suka fice suka ja labule, wai kada baƙuwa ta ji kunyar ci. A wajenmu wanda aka bari ya ci shi kaɗai, to laifi ya yi. Na zauna ni da kwano kamar an sa ni horo, har sai da na leƙa na kira Hajiya ta zo ta zauna ko ba za ta ci ba.

Da safe na ga tsakar gidan ta cika da mata. Wata malama siririya mai tabarau, ba ta fi Rahila ba, ta zauna a kan tabarma tana ba su karatu, da 'yar lasifika a gabanta. Ni idona ba ya zama wuri ɗaya, sai na leƙa waje. Jikin katanga ga maigidan da maza uku sun kewaye wani babur. Ɗaya na riƙe da sifana, ba abin da yake kwancewa. In malama ta kai wuri mai daɗi sai duk su gyaɗa kai ga babur ɗin. Na tambayi Hajiya, ashe ku ma matanku na wa'azi? Ta ce ba ta hawa mumbarin Juma'a, ba ta jan maza salla, amma karatu wanda yake da shi shi ke bayarwa. Na ce to mazan can fa? Ta ce babur suke gyarawa, ba ki gani ba? A raina na ce kun ga mai hankali, a ƙasa take zaune, kowa kuma yana ƙaruwa. Na ƙara riƙe shirina.

Daga Yola mota ta kai mu wani ƙauye a bakin kogi, inda Najeriya ta ƙare. Ni da na ɗauka iyakar ƙasa katanga ce da ƙofa. Ashe rumfar kwano ce da igiya, da ruwa, da kwale-kwale mai yoyo wanda wani mutum ke ta kwashe wa ruwa da ƙwarya yana hira kamar ba komai. Na rufe ido na rungume tulu, Hajiya na karanta nata ina karanta nawa, har muka taɓa yashi.

A can gefen jandarmomi ne, masu 'yar hula kamar murfin kwano, ba sa jin Hausa sai Faransanci da Fulatanci. Takardunmu da katin rigakafi Hajiya ta shirya su tun gida, ba su sami abin cewa ba. Sai babbansu ya nuna tulun. Ya zare tsumman, ya zura hannu har gwiwa, ya fito da daddawa, ya kai hanci. Fuskar da ya yi, da a ce ɗana ne da ya sha mari. Wani ɗan kasuwa ya yi mana tafinta, ya ce mutumin yana tambaya wace irin mace ce za ta ɗauko tulu daga wata ƙasa alhali ga tuluna nan a kasuwa kamar ƙasa. Na ce na kiɗa ne. Bai yarda ba, ya ce in kaɗa ya gani. Dole na juye tsarabata duka a kan teburinsu. Ni kuma ba na iya buga tulu ba waƙa, sai bakina ya ɗauko wadda na kwana ina bita a raina. Ban kai rabi ba wani jandarma ya fito daga rumfa, ya sa hula a hammata, ya shiga taka rawa da manyan takalmansa, wai uwarsa ma haka take yi a cocinsu can kudu. Suka sake mu, sai dai sun ce cittar Kafanchan tana buƙatar bincike sosai, suka riƙe ƙulli ɗaya don binciken.

Da muka shiga motar Garwa sai Hajiya ta juyo gare ni. Ta ce waƙar da na yi wa jandarmomi ta san ta. Shekara da shekaru tana jinta ta kan katanga kowace Lahadi, kuma duk sa'ad da ta tashi, ba a jimawa sai ta ga mutane suna fitowa. Me ya sa waƙar tashi ce a bakina ina hanyar zuwa biki? Ban iya ƙarya ba, na gaya mata komai. Ta juya fuska ga taga, ta ce, “Maman Iliya, ni ban san dokar cocinku ba, ba kuma zan sa baki a ciki ba. Amma yarinyar nan bayana ta yi wa fitsari. In kika kunyata ta a gaban surukanta, ki nemi mai raka ki gida.” Daga nan har Garwa ko gyaɗata ba ta karɓa ba.

Garwa gari ne na babura, sun fi na Kafanchan yawa, sun kuma fi su rashin tsoron Allah. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da tauri kusan haka, kowa ya saƙale nasa a hammata ba leda, ya kai gida a ci. Gaisuwarsu kuma, masu boko a cikinsu, sai su haɗa kumatu, dama da hagu, mace da namiji. Surukina sunansa Piyer, an ce min Bitrus ke nan a bakinsu, don haka Bitrus nake ce masa. Ya taho da gudu ya buɗe hannu zai kawo min kumatunsa. A wajenmu suruki daga nesa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa. Allah ya sa tulun na hannuna, na ɗaga shi, ya sumbaci tulu. Ya ja da baya, ya tuna abin da matarsa ta koya masa, ya zube a ƙasa har gwiwarsa ta yi ƙara.

Rahila ta rungume ni, ta rungume Hajiya, sannan idonta ya sauka a kan tulun. Ita ta tashi a gindinsa, ta san shi.

Da yamma na ji ƙamshi, na bi shi har kicin. Wa zan gani? Bitrus, da tawul a kafaɗa, yana juya kifi a mai, Rahila kuwa tana falo ta baje littattafai. Na miƙa hannu in karɓi cokalin, ya ce a'a Mama ki huta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda zai ɓata abincin mutane. Miyar shuwaka ce da gyaɗa da kifi, ga wani rogo da suke naɗewa a ganye, mai tsami kamar an manta da shi. Rogon na bar musu. Miyar kuwa, abin haushi, ta yi daɗi, har na ƙara. Hajiya ta huce da ganin abinci, ta tambayi Bitrus, tunda a wajenmu matar fasto ita ke zama gaban mata da ankon zumunta, shi yanzu yadi nawa zai ishe shi, ta yi masa ragi. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi yara yake koyarwa ran Lahadi, matan kuwa su suka zaɓi shugabarsu.

Ran Asabar da rana muka zauna ni da Rahila a inuwar dogonyaro muna tsince shinkafar biki. Nan ta buɗe min cikinta. Ta ce ta bar coci ne don ta ga kamar an ce ta zaɓa, ko hankalinta ko Allahnta. Ta zaɓi hankalin, ta yi ta zuwa tarurrukan mata a manyan otal, ta koyi abubuwa na gaskiya a can, amma in ta ambaci addu'a sai a dube ta kamar ta zo da ƙauyanci. Ta ce 'yancin ya yi mata daɗi, sai dai bai hana ta jin yunwa ba. Daga baya ta gane ba Allah ne ya ba ta zaɓin nan ba, mutane ne, na ciki da na waje. Ta tashi ta ɗauko Littafi za ta karanta min wuraren da aka aiki mata da saƙo. Na ce ta rufe.

“Babanki ya karanta min inda aka ce mu yi shiru, Dattijo Bulus ma nan yake buɗewa. Ke kuma ga naki shafin. Duk mai karanta min, inda ya yi masa daɗi yake buɗewa. Ni kunne gare ni, da shi nake awo.”

Na gaya mata nawa ra'ayin, wanda har yau ban ce ƙarya ba ne. Mu muke riƙe da coci daga ƙasa. Fasto ana kawo shi ana ɗauke shi, mu muna nan. Akwatin katakon nan me zai ƙara mata in ba zagi ba? Ta ce in ikonmu na ƙasa abin kirki ne, me ya sa sai mun yi kamar babu shi, me ya sa sai da tari da tulu, ba da baki ba? Sai na nuna mata tsakuwar da ta bari a shinkafa. Ta tsince ta, ta jefar, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“Na san abin da ya kawo tulun nan, Mama. In kin ɗaga waƙa zan sauko, ba zan yi ja-in-ja da ke a gaban jama'a ba. Amma da ƙyar majalisar coci ta yarda da ni. In uwata ta sauke ni ranar farko, ba zan sake hawa ba, kuma akwai 'yan mata a makaranta da ke bayana, su ma kin sauke su.”

Na ce ta kawo wani faifan.

Cocin nasu na masu jin Hausa ne, yawanci 'yan kasuwa da masunta da suka zo daga wajen Numan da Mubi. Abubuwa da yawa ban so ba. Maza da mata a cakuɗe suke zama, wasu matan kai ba ɗankwali, baiko kuma da rawa ake kai shi gaba kamar ana raka amarya. Matan zumuntarsu na ganin tulun suka ɗau guɗa, suka ja ni har benci na gaba, daidai gindin mumbari. Na gwada su da waƙar buɗewa, suka amsa kamar tare muka girma. Na san duk abin da na ɗaga za su bi. Hajiya ba ta shiga ba, ta zauna waje wajen masu girki, amma ta zaɓi inda zan riƙa ganin gyalenta ta taga.

Aka kira Rahila ta durƙusa, manya suka ɗora mata hannu, bishop ya sa mata farar riga da abin wuya. Sannan ta hau. Wani tsoho mai sanda a layin gaba ya tashi, ya ɗaga kujerarsa ta roba, ya juya ta ta fuskanci ƙofa, ya zauna ya ba mumbari baya. Rahila ta buɗe Littafi. Ba tsohon ta duba ba, ni ta duba. Soson yana hannuna, na riga na ɗaga shi.

Abin da ya tsayar da ni ba tausayi ba ne. Ina da doka: ban taɓa yanke mai wa'azi ban ji bakinsa ba. Ko mai bisharar nan da ya zo mana yana warin giya, sai da na bari ya fara. Na ce bari in jira kuskurenta na fari, ba zai daɗe ba, ai zagin maza za ta soma.

Ba ta zagi kowa ba. Ta ɗauko labarin matan da suka yi sammako zuwa kabarin Mai Cetonmu da kayan ƙanshi, suna tafe suna tambayar juna wa zai kawar musu da dutsen, babu mai amsa a cikinsu, babu kuma wadda ta juya. Ta ce yawancinmu haka muke fitowa kowace safiya, kaya a hannu, dutse a gaba. Ta yi wa masunta magana a kan kogin da ya janye, ta yi wa gwauraye, ta yi wa waɗanda suka baro ƙauyukansu da kayan jikinsu kaɗai. Ba ta ihu, ba ta kuma cike gurbi da haleluya in magana ta ƙare mata, yadda wasu ke yi. Ni kuwa sai ga ni a safiyar nan da muka koma unguwa bayan rikicin Kafanchan, ni da Hajiya, hannunta cikin nawa, ba mu san abin da za mu tarar ba. Na yi ta neman tsakuwa a maganar, ban samu ba. Da na duba, soson yana kan cinyata, ban san lokacin da na sauke shi ba. Tsohon can bai juya kujerarsa ba, amma wuyansa ya juyo, haka ya zauna a karkace.

To, sai ciwon masu wa'azi ya kama ta. Ta ce “a ƙarshe”, mutane suka gyara zama, sai ta buɗe sabon kai. Ga shi duk abin da ta faɗa sai tafinta ya maimaita da Faransanci saboda manyan baƙi, har muryarsa ta dushe yana kurɓar ruwa. Ta sake cewa “a ƙarshe”. Jarirai suka fara, hular bishop ta soma karkata, ƙaurin shinkafa ya shigo ta taga. Na yi tari. Ba ta ji ba. Babu mai ji a cikinsu in abin ya motsa. Na ba ta daidai lokacin da nake ba kowane Rabaran, ban rage ba ban ƙara ba, sannan na taɓa tulun sau ɗaya, a hankali.

Ta tsaya a tsakiyar kalma. Tsoro na fara gani a fuskarta. Ta dube ni, ta ga bakina a rufe, ba waƙa. Ta ɗaga ido ta dubi agogon bango, ta sake dubana. Sai ta rufe baki da hannun farar rigar, kafaɗunta na girgiza. Jama'a suka ɗauka kuka take, mata suka shiga cewa amin. Ni na san dariyar 'yata. Ta rufe Littafi ta ce, “Mu yi addu'a.”

Bayan amin na ɗaga waƙar godiya, na kuma buga tulun nan yadda ban taɓa buga shi ba a gida.

A waje ta ratso mutane ta zo ta durƙusa a gabana da rigar da komai. Ta ce, “Mama, saura kai ɗaya fa, kuma shi ya fi daɗi.”

Na ce, “Duk haka kuke cewa. Tashi, kina ɓata rigar mutane.”

Hajiya ta miƙo min faranti, ta ce Allah ya taimake ni na sami 'yar rakiya, in ci mu je kasuwa kafin a rufe.

Dawowa ba wani labari, sai dai burodin da Bitrus ya cika mana jaka da shi, kafin Gombe ya zama abin korar kare. Dattijo Bulus ya zo washegarin isowata. Ban ɓoye masa komai ba. Ya ce tsari tsari ne. Na ce in tambayarsa ita ce ko ya dace mace ta hau, har yau abin da maigidana ya karanta min yana nan a kaina, ban warware shi ba. In kuwa tambayarsa ita ce ko abin da ya fito daga bakin nan Maganar Allah ce, to ina sauraron masu wa'azi tun shi bai fara aski da kansa ba, kuma ita ce. Ya roƙe ni kada in baza wa mata. Na ce ya makara, matarsa ta riga shi zuwa, har ta sa na maimaita mata wa'azin daga farko.

Har yanzu bakina bai iya ce wa Rahila Rabaran ba, ita ma ba ta nema ba. Amma kowace Asabar sai ta kira ni a waya ta karanta min wa'azin gobe, ni kuma in gaya mata inda za ta tsaya. Ba ta ji. Na dai aika wa shugabar matansu tulu.